ZANEN GADO: A DUBI ZARE KAFIN A DUBI ƘYALLI

Idan mutum yana barcin awa 8 kullum, to kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsa a kan shimfiɗa yake yin sa. Wanda ya shekara 60 a duniya ya yi shekara 20 a kwance ke nan. Babu rigar da ke daɗewa a jikin mutum kamar zanen da yake kwana a kai. Duk da haka, mutane sukan tsaya su zaɓi yadin sallah da kyau. Su ja shi, su murza shi, su tambayi abokai. In aka zo kan zanen gado kuwa, sai a ɗauki wanda ya fi ƙyalli, a biya, a wuce.

Ranar Talata a kasuwar Talata Mafara ana ganin zannuwan gado jere cikin leda, masu furanni, kowanne da rigunan filo. Masu haɗa kayan ɗakin amarya daga Bakura da Maradun da ƙauyukan kewaye sukan tsaya a kansu. Da yawa daga cikin zannuwan nan daga Kantin Kwari ta Kano ake saro su, can ma daga ƙasar waje suka zo. A ido duk suna da kyau. Bambancinsu ba ya fitowa sai an kwana a kansu cikin zafin bazara, ko an wanke su sau biyar.

Abin da ke raba zane mai kyau da marar kyau shi ne zaren da aka saƙa shi da shi.

ZARE IRI UKU

Na farko shi ne zaren auduga. Wannan ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara. Tun kaka da kakanni mata ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari. Masaƙa su saƙa sawaye, a haɗa a ɗinka gwado ko luru. Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, auduga tana cikin manyan kayan da yake ɗauka. Daga baya aka kafa masaƙun zamani, kamar babbar masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 da kuma masaƙar Gusau. Ta Kaduna ta tsaya a 2002, ta Gusau ma ta daɗe da tsayawa. Shi ya sa yadin waje ya cika kasuwa. Halin auduga shi ne tana shan gumi, kuma iska tana ratsa ta. Tana jure ruwan zafi da rana da dutsen guga.

Na biyu shi ne lilin. Larabawa suna ce masa kattan. Ba daga auduga ake samunsa ba. Daga karan wani tsiro ne siriri mai shuɗin fure. Ba a yanke shi, tumɓuke shi ake yi da saiwa. A bar shi a gona raɓa da ruwan sama su ruɓar da ɓawon, sannan a buge a tsefe zaren. Wanda ya taɓa jiƙa rama don fitar da igiya ya san irin aikin. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da lilin suke tufafi, da shi kuma suke naɗe gawawwakin sarakunansu. A yau ƙasar Faransa ce ta fi kowa noman wannan zare, maƙwabtanta Beljiyam da Holan ma suna noma shi. Tsiron yana son ƙasa mai sanyi da laima, don haka ba a noma shi a nan.

Lilin ya fi auduga ƙarfi. Yana shan gumi, yana bushewa da wuri, kuma ba ya manne wa jiki. Sabo yakan yi ɗan kaushi, amma kowane wanki laushi yake ƙara masa. Aibinsa biyu ne: tsada da saurin yamutsewa. Sabon lilin na gaske da wuya a same shi a kasuwar ƙauye. Inda aka fi dacewa da shi shi ne cikin kayan gwanjo. Akwai kuma wani abin lura. Turawa sukan kira dukan kayan shimfiɗa da sunan lilin, ko da na auduga ne, ko na roba. Saboda haka jin sunan a bakin mai sayarwa bai isa shaida ba.

Na uku shi ne zaren roba. Daga man fetur ake yin sa a masana'anta. Shi ne mai ƙyallin nan da santsi. Yana da araha, ba ya koɗewa da wuri, ba ya yamutsewa, yana bushewa nan da nan. Amma ba ya shan gumi. Gumin yakan tsaya tsakanin fata da zane, mutum ya kwana cikin jiƙa. Akwai kuma gauraye, wato rabi auduga rabi roba. Wannan ya fi roba zalla, amma bai kai auduga ba.

YADDA AKE GANEWA A KASUWA

Ga inda karatu ke da rana. A bakin zane, ko a jikin ledarsa, akan sami 'yar takarda da rubutun Turanci. Kalma uku kawai ake bukatar sani. Cotton ita ce auduga. Linen shi ne lilin. Polyester shi ne roba. Idan an ga microfibre, shi ma roba ne, an dai sirantar da zaren. Gefen kalmar akwai lamba da alamar %, wato kashi cikin ɗari. Idan an rubuta 100% cotton, auduga ce zalla. Idan an rubuta 65% polyester da 35% cotton, to roba ta fi yawa.

Wani lokaci kuma akan ga babbar lamba kamar 800 ko 1000, ana nufin yawan zaren da ke cikin inci ɗaya tsaye da kwance. Kada wannan ya ruɗi kowa. Zanen auduga mai zare 200 zuwa 300 ya isa. Wanda saƙarsa ta matse ƙwarai ba ya barin iska ta wuce, zafi gare shi. Lilin ma nasa zaren bai kai haka yawa ba, don zarensa ya fi kauri.

Sai dai takarda tana iya yin ƙarya, wani zanen ma ba shi da ita. To sai a koma ga hannu da ido.

A damƙe gefen zanen a tafin hannu, a ƙirga har goma, a saki. Auduga za ta yamutse. Lilin zai yamutse fiye da ita, ya bar layuka masu kaifi. Roba kuwa za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. A ɗiga ruwa kaɗan. Auduga da lilin za su shanye, amma a kan roba ruwan yakan tsaya ya yi ƙwallo. Sabon yadi mai sitaci shi ma yakan jinkirta shan ruwa, don haka wannan gwaji shi kaɗai bai isa ba. A ɗaga zanen sama a dubi haske ta cikinsa. Idan ana hango mutane sarai, saƙar ta yi sakwa-sakwa, ba zai yi ƙarko ba. Lilin na gaske akan ga ɗan kumburi nan da can a jikin zarensa. Wannan ba aibi ba ne, halinsa ne.

Wasu masana'antu sukan cika yadi marar kauri da sitaci don ya yi nauyi a hannu. A murza kusurwarsa da ƙarfi tsakanin yatsu. Idan farin gari ya zubo, wurin kuma ya yi laƙwas, to kaurin na aro ne. Wankin farko zai tafi da shi. A kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan launin. In ya kama, zanen zai yi zuba.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne na ashana. A zaro zare biyu ko uku daga bakin yadin, da izinin mai kaya, a koma gefe nesa da rumfa, a kunna musu wuta. Auduga da lilin suna ci da wuta kamar takarda. Warinsu na ƙonannen kara ne, tokarsu mai laushi ce, tana murjewa. Roba kuwa tana ƙanƙancewa ta narke, ta yi baƙin hayaƙi da warin leda, ta bar ɗan ƙullutu mai tauri. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana zare uku ba.

AWO KAFIN SAYE

Zane da yawa suna yagewa ne don sun yi wa katifa kaɗan. Kullum ana jan su ana cusawa. Kafin a tafi kasuwa a auna katifa da igiya ko tef ɗin tela: tsawo, faɗi da kauri.

Ga misali. Katifa mai ƙafa 6 da ƙafa 4 da rabi tana da tsawon inci 72 da faɗin inci 54. A ce kaurinta inci 8 ne. Zanen zai sauka ta gefe biyu, inci 16 ke nan. Sai a ƙara inci 6 kowane gefe na cusawa ƙarƙashi, inci 12. Tsawon zanen ya zama inci 100, faɗinsa inci 82.

Wanda bai sami zanen auduga ɗinkakke ba yana da mafita mai sauƙi. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa kuma kusan inci 45 zuwa 48. A raba shi biyu, yadi uku-uku, tela ya haɗa su gefe da gefe. An sami zane mai tsawon inci 108 da faɗin kusan inci 90. Ya ishi katifar da ke sama har da rara. Sharaɗin dai atamfar ta zama ta auduga, domin atamfar roba ma ta cika kasuwa. Akoko da alawayyo su ma suna yin zanen gado mai kyau da araha. Abu ɗaya ne tilas: a wanke yadin kafin a kai wa tela. Sabuwar auduga takan ja a wankin farko. Yadi ɗaya yana iya rasa inci ɗaya ko fiye.

Ga masu haɗa kayan ɗaki, zanen ado mai ƙyalli ba laifi ba ne. Amarya tana son ɗakinta ya yi kyau in baƙi sun shigo. Amma a bar shi a matsayin murfin gado na rana, a yaye shi da dare. Kuɗin da za a sayi na ado guda huɗu, gara a sayi na ado ɗaya, sauran a sa a na auduga biyu ko uku. Dole a sami na canji, ɗaya a gado ɗaya a igiya.

BAZARA, DAMINA DA HUNTURU

Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40 da rana, ɗaki kuma ba ya hucewa sai tsakar dare. Katifar soso tana riƙe zafi. In aka ɗora mata zanen roba, an haɗa zafi biyu. Nan ne ƙurajen zafi ke fesowa a wuya da bayan yara, su yi ta sosa har wurin ya zama gyambo. Zanen auduga marar nauyi, ko lilin ga wanda ya samu, shi ne na wannan lokaci. Wasu sukan shimfiɗa tabarmar kaba a kan katifa sannan su ɗora zane. Dabara ce mai kyau, don iska tana shiga tsakani. Waɗanda ba su cire ledar da katifa ta zo da ita ba, wai don kada ta tsufa, su sani barcinsu suke sayarwa. In saboda fitsarin yaro ne, a sa leda daidai wurin kwanciyarsa kawai, a rufe ta da zanen auduga ninki biyu.

Da damina matsalar laima ce. Zanen da aka ninke bai gama bushewa ba yakan yi fumfuna, baƙin ɗigo-ɗigo da wari, kuma da wuya su fita. Kada a sa shi cikin akwati sai ya bushe ƙarau. Da safe a yaye zane, a bar katifa ta sha iska. In rana ta fito a fitar da ita.

Da hunturu kuwa ba a canza zanen ƙasa. Abin rufa ake ƙarawa. Mayafi biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri ɗumi, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe zafin jiki. A fara rufa da zanen auduga, sannan a ɗora gwado ko bargo a sama. Ta haka zanen ne ke ɗaukar dauɗar jiki, bargo kuma, mai wuyar wanki, ya daɗe da tsabta. Zanen roba a hunturu yakan yi tartsatsi ya manne wa jiki, kuma faso da kaushin ƙafa suna kama zarensa su tsinka.

Akwai hatsarin da ya fi wannan girma. Lokacin sanyi ne ake shigar da kaskon garwashi ɗaki, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Kowane zane yana cin wuta. Amma roba narkewa take yi ta manne wa fata, ƙunarta kuma ta yi zurfi. Kada gefen zane ko gidan sauro ya kusanci kasko. Kada kuma a kwana da garwashi a ɗakin da aka rufe ruf. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Jariri kuma ba a lulluɓe masa fuska, ba a ɗora masa bargo mai nauyi.

WANKI DA SHANYA

A wanke zanen gado sau ɗaya a mako. Da bazara, ko in akwai marar lafiya, a ƙara. Sabulun wanki ko garin omo kaɗan ya isa. Yawan omo ba ya ƙara tsabta. In bai fita sarai ba yakan sa zane tauri, ya sa ƙaiƙayi. A ɗauraye har ruwa ya fito garau. Ruwan bilic yana cin zare, ya fi cutar da lilin. Man shafawa na hunturu, kamar man kaɗe, ruwan ɗumi ne ke fitar da shi. Jini kuwa ruwan sanyi ake sa masa tukuna, don ruwan zafi yana kafe shi a jikin zare. Lilin ba ya son a murɗa shi da ƙarfi wajen matsewa, kuma ya fi guguwa tun yana da ɗan danshi.

Inda ake wankin ma abin dubawa ne. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, kanal-kanal na noman rani suka ratsa ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura. Wanki a bakin kanal yana da sauƙi, amma a irin wannan ruwa ne ake kamuwa da tsargiya, ciwon fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fatar wanda ya tsaya cikin ruwan. Gara a yi wanki da ruwan rijiya ko na burtsatse. In dole sai na kanal, a ɗebo shi a ajiye a mazubi kwana biyu kafin a sa hannu. Ƙwayar ba ta wuce haka da rai.

A yi shanya a kan igiya, ba a ƙasa ba. Farin zane yana son rana sosai. Mai launi a juya bayansa, a kwashe da zarar ya bushe, don kada ya koɗe. Da hunturu kada a bar shi ya wuni yana shan ƙura.

Gidan sauro mai magani nasa wankin daban ne. Ba a sa masa ruwan zafi ko bilic, ba a shanya shi a rana. A inuwa ake shanya shi, don kada maganin ya mutu. Kada a haɗa shi da zane a baho ɗaya.

Kayan da aka yi feshin maganin ƙwari da su a gona, kada a ɗora su a gado, kada a wanke su tare da zane. Haka kayan masu haƙar zinariya. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010, ta ƙurar duwatsun da ake niƙawa a gidaje ta shiga jikinsu. Irin wannan ƙura tana bin tufafi har shimfiɗa.

ƘAZWA DA KUƊIN CIZO

Inda mutane suka yi yawa a ɗaki ɗaya, kamar makarantun allo, ko gidajen da suka sauki 'yan'uwa masu gudun hijira, ƙazwa ba ta da wuyar yaɗuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake shiga ƙarƙashin fata. Ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu da kugu. Ana ɗaukarsa ta haɗa jiki, da kuma ta shimfiɗa. Magani yana asibiti, kuma duk 'yan ɗakin ne za su yi amfani da shi rana ɗaya, har wanda bai fara sosa ba. A ranar ce kuma za a kwashe zannuwa da tufafi a jiƙa su cikin ruwan zafi sosai na aƙalla minti 10, a wanke, a shanya a rana, a goge. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda mako guda. Ƙwaron ba ya wuce kwana uku da rai idan ya rabu da jikin mutum. Nan ma auduga ta nuna fifikonta, domin ita ce ke jure tafasasshen ruwa da dutsen guga mai zafi.

Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi, ya fi taurin kai. Ba a zane yake zama ba. Yana ɓuya a ɗinkin katifa, tsagar gado da ramukan bango, kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba. Zane mai haske yana tona asirinsa da wuri, don ana ganin ɗigon jini da baƙin kashinsa. A kwance gadon, a fitar da shi, a kwarara ruwan zafi a kowace tsaga, a liƙe ramukan bango. Kada a zuba fiya-fiya a kan zane ko katifa. Guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, yara kuma suka fi saurin cutuwa. Zanen gwanjo, ko da lilin ne mai tsada, a yi masa wankin ruwan zafi tun kafin ya shiga ɗaki.

IDAN ZANE YA TSUFA

Tsakiyar zane ce ke fara mutuwa, gefuna kuwa suna nan da ƙarfinsu. Juya shi lokaci-lokaci, kai ya koma ƙafa, yana ƙara masa kwana. Da zarar tsakiyar ta yi shara-shara, kada a jira ta yage. A kai wa tela ya tsaga shi biyu ta tsawo, ya haɗa gefunan waje su zama tsakiya, ya kalmashe sababbin bakunan. A gaya masa ya kwantar da ɗinkin don kada ya danni mai kwanciya. In wannan ma ya ƙare, wuraren da suka rage da ƙarfi suna yin rigar filo da shimfiɗar jariri.